Yini Guda Daga Kantin Kwari Zuwa Dajin Falgore

A Kantin Kwari ba wuya a sami ɗan kasuwar da ya san titunan Dubai da na Sin kamar yadda ya san layin rumfarsa, amma in an tambaye shi inda ruwan da yake alwala da shi ya fito, sai ya yi shiru. Wannan ne ya sa muka ɗauki hayar mota tare da waɗansu masu sayar da atamfa da ɗalibai biyu, muka ce bari mu bi Kogin Kano daga daji har zuwa birni a yini guda.

Muna idar da sallar Asuba muka kama hanyar Zariya. Muka wuce Kura, muka karya kwana a Kwanar Ɗangora, muka miƙi hanyar Jos ta Tudun Wada. Kafin hantsi ya dubi ludayi mun isa Dajin Falgore, watau kimanin kilomita 150 daga Kano. Dajin ya shafi ƙasar Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, da can kuwa ana kiransa gandun dajin Kogin Kano, domin kogin ta cikinsa ya ratsa. Mutumin da idonsa ya saba da darbejiyar bakin titi zai sha mamaki a nan: ga doka, ga maɗaci, ga ƙirya da maje, sun haɗa kai sun yi inuwa mai sanyi. Birai kaɗai muka gani, manyan namun daji sun yi ƙaranci.

Abin takaici shi ne kututturan itatuwa da muka riƙa cin karo da su, da buhunan gawayi jere a bakin hanya. Dajin ya kuma yi fama da ɓarayin shanu, musamman wajen shekarar 2015, saboda haka wajibi ne baƙo ya nemi izni da rakiyar ma'aikatan gandun daji kafin ya shiga. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta sa Falgore cikin dazuzzuka 10 da ta amince a mayar da su gandun daji na ƙasa.

Daga nan muka juyo arewa, yadda kogin yake gangarowa, muka yi Azahar a Tiga. An kammala wannan madatsar ruwa a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ruwan ya shimfiɗu iyakar ganin ido, masunta na ta kai da kawowa cikin kwalekwale, mata kuma na soya kifi a bakin gaɓa. Daga nan ne manyan hanyoyin ruwa suke kai wa Kadawa da Kura da Bunkure, inda ake noman shinkafa da alkama da tumatir da rani. Haka kuma kogin ne yake shayar da matatar ruwa ta Tamburawa. Sai dai kowane amfani da nasa farashi: tare ruwan ya rage ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara da ita.

Ɗaya daga cikin 'yan kasuwar ya daɗe yana kallon ruwan, kana ya ce ashe manoman da ke cika rumfarsa bayan girbin shinkafa daga nan kuɗinsu yake fitowa.

Da La'asar muka shigo birni, muka tsaya Gidan Makama, daura da fadar Sarki. An gina shi a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, yau kuwa gidan tarihi ne. Muka ƙarasa Nassarawa, Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Duk gidajen biyu ginin ƙasa ne, in ka ɗaga kai kuma azara ce ta riƙe rufinsu. Da ba a bar giginya ta girma ba, da magina ba su sami abin yin waɗannan soraye ba.

Mun dawo Fagge ana kiran Magariba. Shawararmu ga shugabannin makarantu da ƙungiyoyin ma'aikata ita ce su riƙa shirya irin wannan ziyara, ko sau ɗaya a shekara. In aka sare itatuwan Falgore, ƙasa za ta zaizaye ta cike Tiga da yashi, in Tiga ta ja baya kuwa, gonar Kura da famfon Fagge da cinikin Kantin Kwari duk za su ji a jikinsu.