MAN TAFARNUWA DA KITSEN JINI: ABIN DA AKA GANI A JIKIN ƁERAYE

Babu wanda za a gaya wa amfanin tafarnuwa a ƙasar nan. Tun daga unguwar Dogo Nini a Potiskum har zuwa Kano da Sakkwato, ana zuba ta a miya da yaji, ana kuma shan ta don tari da mura. Yanzu kuwa har manta ake sayarwa cikin kwalabe, ana cewa wai yana narkar da kitsen jini. Wajibi ne jama'a su san inda wannan magana ta samo asali, da kuma iyakar gaskiyarta.

MENE NE KITSEN JINI?

Jinin kowane mutum yana ɗauke da maiƙo, wanda wani irinsa likitoci ke kira kolestarol. Hanta ita ke yin mafi yawansa, saura kuma daga abinci yake zuwa. Jiki yana bukatarsa gwargwado. Amma idan ya yi yawa, sai ya riƙa manne wa a cikin jijiyoyin jini, kamar yadda taɓo ke cike lambatu, har hanya ta ƙuntata. Daga nan ne ake samun ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Abin tsoron shi ne cutar ba ta nuna alama da wuri. Siriri ma yana iya samunta, ba sai mai ƙiba ba.

GWAJIN DA AKA YI A MAIDUGURI

A shekarar 1982, lokacin Potiskum tana cikin Jihar Borno, kafin a ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991, masana uku na Jami'ar Maiduguri, watau I. Adamu da P. K. Joseph da K. T. Augusti, suka buga sakamakon wani gwaji a mujallar kimiyya mai suna Experientia. Sun ciyar da ɓeraye abinci mai yawan sukari har wata biyu, kitse ya hau a jininsu. Waɗanda aka haɗa musu da man tafarnuwa ko man albasa kuwa, sai aka tarar kitsen nasu ya ragu.

A 1984 aka sake buga waɗansu gwaje-gwaje daga jami'ar. A ɗaya an ba ɓerayen abinci mai yawan kitse da kolestarol, a ɗaya kuma an ƙara musu da barasa. Nan ma man tafarnuwa ya rage maiƙon da ya taru a jini da hanta.

Dalilin wannan kuwa, tafarnuwa tana da sinadarai masu ɗauke da farar wuta, su ne ma ke ba ta warinta. Babbansu shi ne alisin, wanda aka gano a Amurka a 1944, ba ya kuwa samuwa sai an daka tafarnuwar ko an yanka ta. Masana suna ganin waɗannan sinadarai suna rage wa hanta saurin sarrafa kitse.

ƁERA BA MUTUM BA NE

Ana fara gwaji da ɓera domin ana iya auna duk abin da ya ci, a kuma duba hantarsa daga baya. Amma fa jikinsa dabam yake da namu wajen sarrafa maiƙo, ga shi kuma abin da ake ba shi, in an kwatanta da nauyinsa, ya zarce abin da mutum ke ci a miya nesa ba kusa ba. Saboda haka tilas a gwada a kan mutane kafin a ce an sami magani.

An kuwa gwada. A 1998, a birnin Bon na ƙasar Jamus, aka ba mutum 25 masu yawan kolestarol man tafarnuwa har mako 12, ba a ga ya ragu ba. A 2007 kuma Jami'ar Stanford ta Amurka ta buga gwajin mutum 192 da suka yi wata shida, waɗansu suna cin ɗanyar tafarnuwa, waɗansu suna shan ƙwayoyinta. Su ma mugun kolestarol nasu bai sauka ba. Akwai waɗansu gwaje-gwajen da suka nuna ɗan ragi, amma bai kai na maganin asibiti ba.

ABIN DA YA KAMATA A YI

1. A ci gaba da sa tafarnuwa a abinci. Tana ƙara armashi, ta kuma sa a rage gishiri.
2. Wanda likita ya ɗora a kan maganin kitsen jini kada ya bari don ya sayi man tafarnuwa.
3. Mai shan maganin tsinka jini, da wanda za a yi wa tiyata, su shawarci likita tukuna, gama yawan tafarnuwa yana iya hana jini tsayawa da wuri.
4. Kada a ɗaura dakakkiyar tafarnuwa a fata, musamman ta yara, domin tana ƙuna.
5. A rage kitse da soye-soye da sukari, a bar taba, a yawaita ganye da wake, a kuma riƙa motsa jiki.
6. Magidanci ko uwargida da shekaru suka fara ja, su je asibiti a auna musu jini, ko da ba su jin ciwo.

Aikin masanan Maiduguri abin yabo ne, ya kuma buɗe ƙofar bincike, amma hukuncin lafiyar mutum yana ga awon jini da shawarar likita. Jama'a su tuna, rigakafi ya fi magani.