Daga Issawane Zuwa Bakin Teku: Lissafin Sama Daban, Na Ƙasa Daban

In aka ja zare a kan taswira daga filin jirgin saman Maraɗi zuwa na Ikko, kilomita 870 ne da 'yar ɗoriya. Zuwa Kwatano kuwa wajen 950. Jirgin fasinja yana cin kilomita 800 a awa in ya daidaita a sama, ke nan da akwai mai tashi kai tsaye, da mutum ya yi azahar a Maraɗi, la'asar ta same shi yana shaƙar iskar teku. To, babu wannan jirgin. Filin Maraɗi na zirga-zirgar cikin gida ne.

Mu 'yan Issawane da ke ƙasar Mayahi, lissafinmu daga ƙofar gida yake farawa. Sai kabu-kabu ko motar kasuwa ta ratsa yashi da kai zuwa Tasawa, ka hau babbar kwalta, ka bi ta Agye da Cadawa, sannan Maraɗi. Daga nan hanya ta rabu biyu. Ko ka nufi Yamai, kilomita sama da 600 a mota, ka shiga jirgin ASKY zuwa Lome, wanda tsakaninsu a sama kusan 820 ne. Ko ka tsallaka ta Ɗan Isa da Jibiya, ka ratsa Katsina, ka faɗa Kano.

Ni dai Kano nake gaya wa mutane. A nan jirgin sama ya fara sauka a Najeriya, a 1925, kuma daga filin Malam Aminu Kano zuwa Ikko kilomita 830 ne, tafiyar awa ɗaya da rabi. Wani zai ce ai a gudun kilomita 800 a awa, awa ɗaya ta isa. Ba ta isa ba, domin jirgi ba ya tashi da cikakken gudunsa. Yana ɗaukar lokaci kafin ya kai tsayin mita dubu goma, yana sassautawa tun da nisa kafin ya sauka, kuma hanyar da masu kula da sararin sama suka shata masa yake bi, ba zaren taswira ba. In hunturu ya shiga, hazo ya rufe Kano, sai a yini a ɗakin jira, awa ɗaya da rabin ta koma sai yadda Allah ya yi.

Duk da haka, a kwatanta da ƙasa. Layin dogon da ya haɗa Ikko da Kano ya haura kilomita 1,100. Babbar mota daga Maraɗi zuwa Kwatano sai ta bi Konni, Dosso, Gaya, Malanbil da Faraku, wajen kilomita 1,400, ga shingen duwan da na jandarma. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, kaya suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso, 'yan kasuwa suka ɗora kuɗin zagayen a kan buhun shinkafa.

Samarinmu da ke tafiya cirani Ikko bayan an ɗaure gero ba sa tambayar kilomita. Nawa ne kuɗin mota, kwana nawa a hanya, shi ke nan. Abin da ake yawan tambayata a kasuwar Tasawa shi ne labarin layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021.