Su Wa Ke Riƙe da Ragamar Ruwan Sha a Birnin Sakkwato?

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya yi bazara a birnin Sakkwato, wato daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, ya san darajar tulun ruwa. A irin wannan lokaci, da zarar famfo ya ƙafe, maganar da za a ji a bakin jama'a ita ce, "Gidan Ruwa ba su sako ba." Wannan magana tana nuna cewa a tunanin mai shan ruwa, hukuma ɗaya ce ke da ikon sakowa da ɗaukewa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin shugabannin da ke da hannu a cikin ruwan birnin, daga madatsa har zuwa randa, domin a ga inda ikon kowa ya fara da inda ya tsaya, da kuma wanda kowannensu yake jin tsoron fushinsa. Amsar wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ke bayyana abubuwa da yawa game da ƙarancin ruwa a birnin.

2.0 Ruwa Kafin Zuwan Famfo

An kafa birnin Sakkwato a shekarar 1809 a ƙarƙashin jagorancin Muhammadu Bello, a kan tudu kusa da mahaɗar gulbin Sakkwato da gulbin Rima. Mutanen farko sun dogara ne ga gulbi da rijiyoyi, kuma har yau sunayen wasu shiyyoyi, irin su Rijiyar Ɗorawa da Rijiyar Shehu, suna ba da shaidar haka. A wancan zamani babu wata ma'aikata ta musamman mai kula da ruwan sha. Sarkin Ruwa da aka sani a ƙasar Hausa aikinsa ya shafi su da fito ne. Rijiya kuwa ko dai ta gida ce, ko ta shiyya, ko wadda wani mai hali ya haƙa domin neman lada. Yasarta da gyaran bakinta suna wuyan waɗanda ke sha daga cikinta, a ƙarƙashin idon mai unguwa da dattawa. In rikici ya taso, alƙali ne ke yanke hukunci bisa fiƙihun Malikiyya, wanda ya yi bayanin haramin rijiya, ya kuma hana a tauye wa mai ƙishirwa rarar ruwa.

Abin lura a nan shi ne kusanci. Mai shan ruwa ya san wanda zai kai wa kuka, kuma wanda ake kai wa kukan daga rijiyar nan yake sha.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, ayyukan raya gari sun koma hannun En'e, wadda ke ƙarƙashin Sarkin Musulmi da majalisarsa, tana kashe kuɗi daga Baitulmali, injiniyoyin gwamnati kuma suna ba da shawara. A wannan zamani ne aka yawaita rijiyoyin kankare a garuruwa, kuma a cikinsa ne En'e ta Kano ta jawo wa birninta ruwan famfo daga kogin Challawa a farkon shekarun 1930. Ke nan ruwan famfo ya shigo Arewa ne a matsayin aikin hukumar gari. Wannan tsari ya soma sauyawa da aka ƙirƙiro Jihar Arewa maso Yamma a 1967, Sakkwato tana hedikwata. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya kawo ƙarshen En'e, ya raba sarakuna da ikon zartarwa. Daga nan ruwan birane ya zama aikin gwamnatin jiha.

3.0 Hannayen da Ke Kan Ruwan a Yau

3.1 Gwamnatin Tarayya

Matatun ruwa na birnin suna ɗibar ɗanyen ruwa daga gulbi, gulbin kuwa da rani ya dogara ga abin da aka sako daga madatsa, tun da damina a wannan yanki ba ta wuce wata huɗu. Madatsun ba na jiha ba ne. Suna hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1973, shekarar babban fari, tare da takwararta ta Tafkin Chadi. A 1976 aka kai yawan irin waɗannan hukumomi zuwa 11 a faɗin ƙasa. Wannan hukuma ce ke riƙe da madatsar Bakolori da ke kan gulbin Sakkwato, wadda aka gama a 1978, da madatsar Goronyo da ke kan gulbin Rima, wadda aka gama a 1984, mai iya ɗaukar ruwa sama da mita miliyan 900 a ma'aunin awon ruwa. Tsarin Mulki na 1999 ya sanya ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya a cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, kuma Rima ya ratsa Sakkwato ya shiga Kabi.

Shugabannin wannan hukuma daga Abuja ake naɗa su, can kuma suke kai rahoto. Ban da haka, ruwan shan birnin ɗaya ne kawai daga cikin buƙatun da suke aunawa, domin manoman rani da mutanen Argungu da Birnin Kabi duk suna jiran ruwan nan. Shekaru biyu sun nuna nauyin wannan hannu. A watan Satumba na 2010 ruwa ya yi yawa, aka buɗe ƙofofin Goronyo, ambaliya ta cinye ƙauyuka da gonaki, ta kuma yanke hanyar da ta haɗa birni da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A bazarar 2018 kuma ruwan madatsar ya ja baya har ya rage kusan kashi 10 cikin 100 na abin da take ɗauka, famfunan birnin suka ji a jikinsu. A duka shekarun biyu, makullin ba ya hannun kowa a Gidan Ruwa.

3.2 Gwamnatin Jiha da Hukumar Ruwan Sha

Hukumar Ruwan Sha ta Jihar Sakkwato, wadda jama'a ke kira Gidan Ruwa, ita ce ke jawo ruwa daga gulbi, ta zuba masa alif ya kwanta, ta tace shi, ta sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta tura shi manyan tankuna, daga nan ya bi bututu zuwa gidaje. Babban manaja ne ke tafiyar da ita yau da kullum, ƙarƙashinsa akwai injiniyoyi da masu gwajin ruwa da masu karɓar kuɗi. A samansa akwai Kwamishinan Albarkatun Ruwa, a saman kwamishina akwai Gwamna, wanda shi ke naɗa su duka, shi kuma ke sauke su. Majalisar Dokoki ta Jiha tana amincewa da kasafin kuɗi, tana kuma da ikon kiran shugabannin hukumar su yi bayani.

A nan ne gizo ke saƙar. Galibin gidaje ba su da mitar auna ruwa, kuɗi ƙayyadadde ake yanka musu, kuma ba a iya ƙara wannan kuɗi sai da yardar gwamnati. Abin da ake tarawa ba ya isa a sayi alif da man dizal da kayan gyara, saboda haka hukumar ta dogara ga abin da baitulmalin jiha ya sako mata. Bahaushe ya ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Hukumar da abincinta ke fitowa daga Gidan Gwamnati, dole ne kunnenta ya fi karkata can fiye da wajen mai famfo a Mabera ko Gidan Igwai. Wannan ba laifin wani manaja ba ne, haka aka gina tsarin, kuma haka yake a yawancin jihohin Nijeriya.

Wani sakamako na wannan tsari shi ne manyan ayyuka suna bin wa'adin gwamnoni. A zamanin Aliyu Magatakarda Wamakko, wanda ya yi mulki daga 2007 zuwa 2015, aka gina tashar ruwa ta Asari, aka kuma ɗauko shirin samar da galan miliyan 40 a kullum daga rijiyoyin burtsatse a wurare shida: Tamaje da Tsohon Filin Jirgi da Gagi da Mana da Runjin Sambo da Rugar Liman. Shirin ya tsaya bai kammala ba, sai gwamnatin Ahmad Aliyu, wadda ta hau a 2023, ta sake ɗaukarsa. A tsakanin nan birnin bai tsaya jira ba. Ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumomin Sakkwato ta Arewa da ta Kudu mutum 427,760, amma tun daga lokacin gidaje sun mamaye sassan Wamakko da Kware da Dange-Shuni, inda tsohon bututu bai kai ba.

3.3 Wutar Lantarki

Akwai hannu na uku da ba a cika lissafawa ba. Ruwa ba ya hawa tudu da kansa, birnin kuwa a kan tudu yake. Injinan turo ruwa suna aiki da wutar da kamfanin rarraba lantarki mai hedikwata a Kaduna ke kawowa, in ta ɗauke sai a koma ga janareto. Ko da gulbi ya cika, matata tana lafiya, in babu wuta babu mai, to an koma ga karin maganar nan, rijiya ta ba da, guga ya hana.

3.4 Ƙananan Hukumomi da Sarakuna

Su ne mafi kusa da jama'a, su ne kuma mafi ƙarancin iko a kan famfon birni. Jadawalin Tsarin Mulki da ya jera ayyukan ƙananan hukumomi ya ambaci kasuwanni da magudanai da kwashe shara, bai ambaci ruwan famfo ba. Manufar ƙasa kan samar da ruwa ta shekarar 2000 ta ɗora musu kashi 10 cikin 100 na kuɗin gina ayyukan ruwan birane, jiha 60, tarayya 30. Abin da aka fi ganin shugaban ƙaramar hukuma ko kansila yana yi shi ne haƙa burtsatse ko tuƙa-tuƙa a shiyya. Sarkin Musulmi da uwayen ƙasa da masu unguwanni kuwa, su ake kai wa kuka, su ke isar da shi sama, su ke sulhu in an yi faɗa a bakin famfo, su kuma ake nema in za a ja kunnen masu fasa bututu. Duk da haka maganarsu roƙo ce da shawara, ba su sa hannu a kan kasafi ko jadawalin sakin ruwa.

3.5 Masu Cike Giɓi

Inda hukuma ta tsaya, kasuwa ta ɗauka. Kalmar ɗan ga-ruwa ta samo asali ne daga kiran talla, "Ga ruwa!" A da garwa biyu yake ratayawa a sanda, yau kura yake turawa cike da jarkoki, yana saye daga mai burtsatse yana sayarwa gida gida. Ba gwamna ya naɗa shi ba, ba kuma majalisa ta yanka masa farashi ba, amma a shiyyoyi da yawa shi ne ke yanke ko za a yi wanki yau. Mai ƙaramin ƙarfi da ke sayen jarka ɗai-ɗai yakan biya fiye da mai famfo a gida, ga shi kuma babu mai gwada masa tsabtar abin da ya saya.

4.0 Yadda Wasu Suka Tsara Nasu

Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun bi wata hanya. A 2001 suka raba aikin gida biyu: kamfanin gwamnati mai suna SPEN ya riƙe matatu da bututu da neman kuɗin gini, wani kamfani mai suna SEEN, wanda Veolia na Faransa ke da rinjayen hannun jari a ciki, ya riƙe rarraba ruwa da karɓar kuɗi bisa rubutacciyar yarjejeniya. Yarjejeniyar ta ƙare a ƙarshen 2023, gwamnati ta miƙa aikin ga kamfaninta na ƙasa. Abin koyi a nan shi ne an rubuta aikin kowa, ana kuma auna ruwa da mita, saboda haka abincin mai rarraba ruwa yana fitowa daga aljihun mai sha.

A Amurka kuwa, babbar hukumar ruwa ta kudancin Kalifoniya, wadda aka kafa a 1928, garuruwa da gundumomi 26 ne suka haɗu suka mallake ta. Kowannensu yana tura wakili majalisar da ke yanke farashi da manyan ayyuka, ana kuma yin zamanta a bainar jama'a. Wakilin da garinsa ya rasa ruwa, gida zai koma ya amsa tambaya.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mai karatu zai ga cewa ruwan da ke randarsa ya ratso hannun Abuja da Gidan Gwamnati da kamfanin lantarki kafin ya iso, kuma kowane daga cikin waɗannan yana da wanda yake amsa wa, wanda ba mai shan ruwan ba ne. Waɗanda mai shan ruwa ke iya tararwa a masallaci ko zaure kuwa ba su da makulli. Kusancin da ke tsakanin mai kuka da mai gyara a zamanin rijiya shi ne ya ɓace.

Ba za a koma zamanin rijiya ba, amma ana iya maido da wani abu na wannan kusanci. Ana iya ba wakilan ƙananan hukumomin da birnin ya mamaye, da wakilin Majalisar Sarkin Musulmi, da na ƙungiyoyin shiyyoyi, kujeru tabbatattu a majalisar gudanarwar hukumar, da wa'adin da bai dogara ga sauyin gwamna ba. Ana iya wajabta wa hukumar ta riƙa bayyana jadawalin sakin ruwa da lissafin shiga da fita cikin Hausa, a rediyo da allunan unguwa. Ana kuma iya ƙulla rubutacciyar yarjejeniya da masu riƙe da Goronyo a kan yawan ruwan da za a sako wa birnin kowane wata na rani. Jama'a su ma suna da nasu kaso, domin wanda ke biyan kuɗin ruwa a kan kari shi ke da bakin tambaya. Ɗaliban Hausa kuma suna da aikin da ke jiransu: fassara dokoki da rahotannin ruwa zuwa harshen da masu shan ruwan ke ji, da tattara tarihin rijiyoyin birnin daga bakin dattawa tun suna raye.