Wa ke da alhakin gicciye Yesu?

A Kanan Bakashe, kamar a Mayahi da Tasawa, yaro yakan tashi da sanin cewa Annabi Isa ba a kashe shi ba, ba a kuma gicciye shi ba, domin haka aya ta 157 ta Suratun Nisa'i ta koyar. Maƙwabcinsa Kirista kuwa, ko ɗan cocin EERN ne wanda tushensa ke komawa ga ƴan mishan na SIM da suka sauka Tsibiri a ƙarshen shekarun 1920, ko ɗan Katolika ne na yankin bishop ɗin Maradi da aka kafa a 2001, dukan bangaskiyarsa a kan gicciyen nan take tsaye. Ya kyautu mu san abin da yake nufi, tunda rijiya ɗaya muke sha.

Linjila ta ambaci hannuwa da yawa. Yahuza Iskariyoti ya ba da Yesu a kan azurfa talatin. Kayafa babban firist da ƴan majalisarsa suka kai ƙara. Bilatus, gwamnan da Romawa suka ɗora a Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa 36, ya sa aka kawo ruwa ya wanke hannu a gaban taro, amma duk da haka shi ya miƙa shi ga sojoji. Gicciye hukuncin Romawa ne, na bayi da ƴan tawaye, kuma a cikin shaidar bangaskiya da ake karantawa a coci, sunan Bilatus kaɗai aka kama a cikin waɗannan.

Sai dai an yi ƙarnoni a Turai ana ɗora jinin a kan Yahudawa baki ɗaya, ana korarsu ana kashe su, alhali Yesu da mahaifiyarsa Maryamu da almajiransa duk Yahudawa ne. Sai ranar 28 ga Oktoba 1965 babban taron cocin Katolika, wato taron Batikan na biyu, ya fito fili ya ce ba za a ɗora laifin a kan dukan Yahudawan wancan zamani ko na yau ba. An makara ƙwarai, amma gaskiya aka faɗa.

In ka zauna wa'azin Juma'ar da ke gaban Ista, za ka ji fasto ya wuce Bilatus da Kayafa, ya dafa ƙirjinsa ya ce zunubinsa da na masu saurare ne ya kai Almasihu can. Zai ƙara da cewa Yesu da yardarsa ya ba da ransa, bisa shirin Allah, ba tare da hakan ya wanke waɗanda suka aikata ba.

Kalmar da ke ɗauke da duk wannan ita ce fansa, kuma Bahaushe ba baƙonta ba ne. Kakanninmu sun san bawa da ake fansa da dukiya, mun san ragon da ya tsaya a madadin ɗan Annabi Ibrahim. Wani malamin coci, Anselm na Kantabari, wajen 1098, ya fassara ta da bashin da ɗan Adam ya ci wanda ba ya iya biya, sai Almasihu ya biya. Magabatan coci da dama sun fi ganinta a matsayin nasara a kan Shaiɗan da mutuwa. A ganina wannan ta biyu ta fi shiga zuciyar mutumin karkara da ya tashi cikin tsoron iskoki da sammu, kuma ita ce ke fitowa a waƙoƙin matan zumunta da safiyar Lahadin Ista, sa'ad da suke shelar cewa an tarar da kabarin babu kowa.