Nguru da Gashuwa: Kasuwannin da Ke Dogaro da Iyakar Nijar

Tun da layin dogo ya iso Nguru daga Kano a 1930, garin ya zama masaukin fatake daga Damagaram da ƙasar Manga. Kanwa da ƙaro da dabbobi kan gangaro kudu, hatsi da kayan masana'antu kuma su haura arewa. Gashuwa, da ke bakin Kogin Yobe, ta shiga harkar da kifi da amfanin fadama.

Daga baya ne gwamnatoci suka biyo sawu da takardu: Hukumar Haɗin Gwiwar Nijeriya da Nijar a 1971, ƙungiyar ECOWAS a 1975, sai yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan rabon ruwan kogunan da ƙasashen biyu suka yi tarayya a kansu.

To amma takardun ba su hana rufe iyaka ba. Nijeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ta kuma sake rufewa bayan juyin mulkin Yamai na 2023, har zuwa Maris ɗin 2024. Fatauci bai tsaya ba, sai dai ya koma ɓarauniyar hanya, kuɗin dako ya ƙaru, mai saye ya biya.

A Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS, a watan Maris kuma ta sanar da janyewa daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi. Wannan na biyun ya fi shafar 'yan kasuwar Gashuwa, domin hanyarsu ta gabas ta ratsa Gaidam ne, garin da 'yan tayar da ƙayar baya suka afka wa a Afrilun 2021.