Kiwon Isofod: Yawan Feshi Ne Ke Kashe Su

Wata shawara ta zama ruwan dare a tsakanin sababbin masu kiwon isofod, kuma tana cikin manyan abubuwan da ke hallaka musu dabbobi. Wai tunda daga ƙasashe masu zafi da yawan ruwan sama suka fito, a jiƙa musu ƙasa sharkaf, a rufe murfi ruf, a riƙa yi musu feshi safe da yamma. Mutum ya zuba kuɗinsa ya sayo, ya bi shawarar sau da ƙafa, bayan 'yan makonni ya buɗe akwati ya tarar da gawarwaki da ɗoyi. Daga nan sai ya ce mai sayarwa ne ya cuce shi.

Isofod su ne ƙananan halittun nan masu sulke a baya da ƙafafu 14, waɗanda kan watse idan an ɗaga randa ko ruɓaɓɓen itace da damina, wasunsu ma su dunƙule idan an taɓa su. Ba ƙwari ba ne, dangin ƙaguwa ne da jatan lande, ba sa cizo kuma ba sa harbi. Masana sun san fiye da iri 3,000 da ke rayuwa a tudu. Kiwonsu ya yi kasuwa a Turai da Amurka da Japan, musamman tun wajajen 2017 da aka fara sayar da wani nau'in Cubaris na kogunan duwatsun Tailan mai rawayar fuska. Masu gwaninta kuwa sun fi kwaɗayin masu ƙaya-ƙaya da kaushin baya, irin su Pseudarmadillo spinosus na Kyuba da dangin Laureola na Biyetnam.

Gaskiya ne waɗannan halittu ba sa jure bushewa. Da wasu siraran faifai da ke ƙarƙashin bayan cikinsu suke numfashi, gadon kakanninsu na cikin teku, kuma dole faifan su kasance da laima kafin iska ta ratsa su. Fatarsu ba ta da kakin da ke hana jikin ƙwari yoyon ruwa, shi ya sa suke ɓuya da rana. A nan mai waccan shawara ya tsaya da karatu. Abin da bai sani ba shi ne, iskar da suke shaƙa daga sarari take zuwa, kuma yawancin na tudu nutsewa suke yi idan ruwa ya kwanta a kansu. Ƙananan 'ya'yansu, waɗanda ba su kai ƙwayar shinkafa ba, ɗigo ɗaya da ya taru a jikin roba kan iya riƙe su har su mutu.

Ƙasar da ta sha ruwa ta yi caɓi kuma iska ba ta ratsa ta. Ƙwayoyin halittar da ke bunƙasa inda babu iska sai su mamaye ta, su fitar da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ga wani abu kuma: isofod ba sa fitsari irin na sauran dabbobi, iskar amoniya suke fitarwa daga jikinsu. A akwatin da aka toshe ko'ina, ina wannan iska za ta je? Dajin Tailan da ake ta kafa hujja da shi, ai ba rufaffen bokiti ba ne. Ruwa yana sauka ya tsiyaye ta cikin duwatsu, iska tana kaɗawa, dabbar kuma da ƙafarta take zaɓar inda ya yi mata, ta matsa ƙasa idan ta ji bushewa, ta hau sama idan laima ta yi yawa. Lokacin saɓa ya fi kowane haɗari. Isofod kan tuɓe sulkensa kashi biyu, rabin baya tukuna, sannan rabin gaba bayan kwana ɗaya ko biyu, kuma a tsakanin nan jikinsa taushi ne, gurɓatacciyar ƙasa na saurin kashe shi.

Abin haushi shi ne dabbobin suna nuna damuwarsu a fili, mai su ne ba ya dubawa. Idan suka riƙa hawa bango suna taruwa kusa da murfi, ƙasa ce ta ishe su. Wasu na ganin haka sai su ƙara feshi, wai ƙishirwa suke ji! Duk wanda ya tsare mai rai a akwati ya ɗauki amana, ƙanƙantar halittar ba ta rage nauyin ba, kuma hadisin matar da ta tsare kyanwa ba ci ba sha sananne ne ga kowa.

Gyaran ba shi da wuya. A sami akwatin roba mai murfi, a huda ƙananan ramuka a gefuna biyu masu fuskantar juna don iska ta shiga ta fita. A zuba ƙasa mai taki wadda ba a sa wa magani ba, zurfin santimita 7 zuwa 10, a cakuɗa ta da marmashin ruɓaɓɓen itace. A ɗora gansakuka a kusurwa ɗaya, nan kaɗai za a riƙa zuba ruwa, ɗaya ɓangaren a bar shi da sauƙin laima. Gwajin a hannu yake: a damƙi ƙasar a matse, idan ta dunƙule ba ta ɗiga ba ta yi daidai, idan ruwa ya biyo yatsu an wuce gona da iri. Sannan a lulluɓe saman da busassun ganyaye masu kauri, a kifa ɓawon itace biyu ko uku su zama maɓoya. Ganyen nan shi ne ainihin abincinsu. Ɗan yankin karas ko kabewa da ɗan busasshen kifi ƙari ne kawai, a kwashe ragowar kafin ta yi funfuna.

Sulkensu na buƙatar sinadarin kalsiyam, don haka a ajiye musu dakakken ɓawon ƙwai ko gutsuren farin dutse. Zafin ɗaki tsakanin digiri 22 zuwa 27 ya wadatar, kuma kada rana ta bugi akwatin. Ganyen darbejiya kada ya shiga, domin yana da sinadarin da ke kashe ƙwari, haka nan duk ganyen da aka tsinto inda ake feshin magani. Ɗakin da ake kunna maganin sauro ba wurinsu ba ne. Mai kiwo a Kano ko Damagaram zai ƙara ruwa a kusurwar gansakuka da hunturu, ya rage sosai a watan Agusta.

Akwai kuma ɗabi'ar tone ƙasa kullum don ƙirga su. Irin su Cubaris masu jinkirin haihuwa ne, uwa tana ɗauke da ƙwai a wata jaka a ƙarƙashin ƙirjinta na tsawon makonni, kuma yawan damu kan sa ta zubar da su. Ɗaga ɓawo sau ɗaya a mako ya isa. Wanda kuma ya gaji da kiwon ya ba wani mai sha'awa, kada ya juye su a lambu, domin ta hanyar kayan mutane ne Armadillidium vulgare na yankin Bahar Rum ya bazu har ya cika lambunan Amurka.