Gadar da Jirgi Ya Daina Bi

A unguwar Castlefield, cikin birnin Manchesta a Ingila, akwai wata doguwar gadar ƙarfe. Tsawonta mita 330 ne. Tana tsaye bisa manyan ginshiƙai, ƙarƙashinta kuwa ruwa ne kwance shiru. In mai zane ya kafa allonsa a bakin ruwan nan, me zai fara sa wa launi?

Sai ya fara da ruwan, gama shi ne babba. Ba kogi ba ne, hanya ce da mutane suka haƙa da hannu. Ana ce da ita Bridgewater. An buɗe ta a 1761 domin a kawo kwal daga ramukan Worsley. Dawaki ne ke jan kwale-kwalen daga gaɓa. Da kwal ya soma isowa ta nan, sai kuɗinsa ya ragu da wajen rabi, talaka ya sami abin jin ɗumi da hunturu.

Daga nan sai ya ɗaga ido sama. Kamfanin Heenan da Froude ne ya ƙera gadar a 1892. Jiragen ƙasa suka riƙa bi ta kanta zuwa babbar tashar Central. Jirgi ya fi doki sauri nesa, saboda haka reluwe ta ƙwace yawancin cinikin ruwa.

Amma duniya rawar 'yan mata ce. Motoci suka yawaita, aka rufe tashar a 1969, jirgi bai ƙara hawa gadar ba. Tsatsa ta kama ƙarfe, ciyawa ta tsiro inda dogo yake dā. Mai zanen da ke son gaskiya dole ya dama ja da ruwan ƙasa saboda tsatsar nan, kada ya ɓoye ta.

Yau kuwa sai ya nemi kore. A watan Yuli na 1922 ba wanda zai yi zaton haka, amma a Yulin 2022 ƙungiyar National Trust ta buɗe lambu a wani sashe na gadar, da dubban shuke-shuke. Bayan shekara 53, mutane suka sāke hawa, da ƙafa.

Mai karatu, a garinku akwai tsohuwar tasha ko gadar da aka yasar? Ka kai yaranka da fensir da takarda su zana ta, ka kuwa nemi tsohon da zai ba su labarinta tun yana da rai.